Chumbe: masaukin Zanzibar da ake biyan kuɗi saboda abin da ya hana

Duk wanda ya fara duba farashin Chumbe kafin ya duba abin da ake sayarwa a wurin, zai ce an yi masa wayo. Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu talabijin, babu kwamin wanka irin na manyan otal-otal, banɗakin ma ba na ja-ruwa ba ne. Ko gadar da jirgi zai jingina ka taka ka sauka babu, sai dai ka naɗe ƙafar wando ka shiga ruwa. Duk da haka kuɗin kwana ɗaya na mutum ɗaya ɗaruruwan daloli ne, daidai da na otal mai ji da kansa a bakin tekun Unguja, babban tsibirin Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, ziyarar yini ɗaya kuma tana kamawa daga wajen dala 100. Abin da ake saya da wannan kuɗi yana ƙarƙashin ruwa, 'yan mitoci daga ƙofar ɗaki, kuma kusan duk abin da aka hana ka a tudu saboda shi aka hana.

Chumbe ɗan tsibiri ne, tsawonsa kilomita ɗaya da 'yan kai, faɗinsa wajen mita 300, yana kimanin kilomita 12 kudu maso yamma da tsohon birnin Zanzibar. Ba a taɓa kafa gari a kansa ba, don ba shi da rijiya ko ƙorama. A gefensa na yamma akwai tudun murjani wanda ya tsira daga ɓarnar da ta cinye na maƙwabta, kuma sa'a ce ta tsare shi tun farko: ta nan manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Zanzibar da Darussalam suke bi, don haka an daɗe ana hana ƙananan kwale-kwalen masunta tsayawa a wurin, ga kuma sansanin soja a gaɓar da ke kallonsa. Wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ce ta kafa kamfanin Chumbe Island Coral Park a farkon shekarun 1990, ta yi ta kai-kawo da hukumomi har gwamnatin Zanzibar ta ayyana tudun a matsayin wurin da aka killace a 1994. An buɗe wa baƙi ƙofa a 1998. Ana lissafa shi cikin wuraren killace teku na farko a duniya da wani kamfani mai zaman kansa yake gudanarwa, kuma ƙa'idarsa ita ce abin da baƙi suka biya ya koma cikin aikin gadi da bincike da koyar da yara.

Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen wuya na amare, wanda asalinsa mafi yawa daga Bahar Rum yake fitowa. Na Chumbe danginsa ne, amma mai rai, Waswahili suna ce masa matumbawe. Abin da ido yake gani kamar dutse ko reshen itace gida ne na dubban ƙananan halittu, kowace ba ta fi ƙwayar gero ko dawa ba, suna gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa, na bana a kan na bara. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ba a gani sai da madubin likita. Ita ke amfani da hasken rana ta samar musu da yawancin abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Abu biyu ke raba wannan zaman. Na farko zafi: in ruwa ya ɗara zafin da ya saba kaiwa da ko digiri ɗaya na tsawon makonni, murjanin sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, in zafin bai sauka ba ya mutu da yunwa. Na biyu taki: ruwan banɗaki da na wanki yana ciyar da ciyawar teku, ta yi girma ta lulluɓe murjanin ta tare masa haske. Mai rassa yakan ƙaru da wajen santimita 10 a shekara in ya samu yadda yake so, mai kama da curin dutse kuwa santimita ɗaya kacal. Curin da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakanka.

Tsibirin kansa tsohon murjani ne da ya bushe ya zama dutse, duk ramuka kamar soso. Abin da ka zubar a ƙasa ba ya tsayawa a ƙasa. Yana tsiyaya ya fita teku. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gane dalilin kusan kowace doka ta wurin.

Jirgin yana tashi ne daga Mbweni, kudu kaɗan da birni, da ƙarfe goma na safe, tafiyar wajen minti 45. A nan akwai tarko biyu. Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Sannan Waswahili suna fara ƙidayar awa daga fitowar rana, don haka in direban tasi ya ce maka saa nne, wato awa ta huɗu, ƙarfe goma yake nufi. In ka ce masa ya zo "ƙarfe tara" ya fassara da lissafinsu, sai bayan azahar za ka gan shi. A nuna masa lokacin a fuskar waya, magana ta ƙare. Jirgi ɗaya ne a yini, kuma ba a zuwa haka kawai, sai an kama wuri tun da wuri. Ɗakunan kwana guda bakwai ne, adadin baƙin da ake bari a tsibirin a lokaci guda bai kai ashirin ba, masu ziyarar yini kuma gurbin da masu kwana suka bari suke cikewa. A lokacin cikar baƙi, wato Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba, mai ziyarar yini yana iya rasa wuri, ko a tabbatar masa da shi 'yan kwanaki kawai kafin tafiya. Wannan aibi ne ga mai kwana uku ko huɗu a Zanzibar, kuma gara a san shi tun daga gida.

Tekun wannan gaɓa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. A tsayuwar wata da kuma sha huɗu zuwa sha shida ga wata, abin da masunta ke kira bamvua, tazarar cika da janyewa takan kai mita huɗu, ruwa ya ja baya ya bar fili mai nisa. Wanda ke bin kwanan watan Musulunci ya riga ya samu kalandar tekun a hannunsa. A irin waɗannan ranaku janyewar takan faɗo da hantsi, daidai lokacin isar jirgi, sai a yi tafiya a cikin ruwa iya gwiwa a kan duwatsu masu kaifi kafin a kai yashi. Silifas ba ya yin wannan aiki, yana kuɓucewa ko ya tsinke. Takalmin roba mai rufe yatsu da dunduniya ake so, waya da fasfo kuma a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Jakar kaya mai taya ba ta da amfani a nan, ɗauka za a yi a ka.

Lokacin shiga ruwa ba baƙo ke zaɓa ba, teku ke zaɓa. In ruwa ya janye sosai murjanin yana kusa da sama, ƙafar mutum za ta taɓa shi. Don haka jagorori suna tsara fitar ne bisa jadawalin ranar, wani lokaci kafin abinci, wani lokaci bayansa. Ƙaramin jirgi ke kai mutane bakin tudun, inda ƙasa ke gangarawa zuwa zurfi, a bi ruwa a hankali kimanin awa ɗaya. Nutso da tulun iska haramun ne a cikin wurin sai ga masu bincike. Kamun kifi, jefa anga, ɗaukar ko da ɓawon katantanwa, ba wa kifi abinci, duk an hana. Iyakar killacewar ta kai wajen mita 300 daga gaɓar yamma, an kuma sa mata alamu masu yawo a kan ruwa. Gefen gabas a buɗe yake ga masunta.

An ƙidaya nau'in murjani mai tauri sama da 200 a wannan ɗan wuri, wato kusan kashi 90 cikin ɗari na duk waɗanda aka sani a gabashin Afirka, da nau'in kifi sama da 400. Lissafi ke nan. Abin da ido ke lura da shi tun a mintin farko shi ne girman kifin da rashin tsoronsa. A wurin da ake su, babban kifi shi ake fara cirewa, wanda ya rage kuma yana ganin inuwar mutum yake ɓuya. A Chumbe kifi mai baki irin na aku zai ci gaba da kankare dutse a ƙarƙashinka, har kana jin ƙarar ƙaras-ƙaras a cikin ruwa, sannan ya saki farin gari daga bayansa: dutsen da ya niƙa ne, kuma wani kaso na farin yashin da ake ɗaukar hoto a kai daga nan yake. Ana yawan haɗuwa da kunkurun teku, da kifi mai faɗi kamar faifai mai ɗigon shuɗi da ke kwanciya a yashi, wani lokaci da ƙananan kifayen shak masu baƙin tsini a fiffike, waɗanda gudun mutum suke yi.

Ana ba da kayan iyo a wurin: tabaran ruwa, bututun numfashi, da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Yawancin wahalar sabon shiga daga tabaran take. A gwada shi a tudu: a ɗora a fuska ba tare da an sa igiyar ba, a ja iska ta hanci, in ya manne, ya yi daidai, in ya faɗo a canza wani. Ɗaure igiya tamau ba ya hana yoyo, murɗe robar yake yi ya ƙara shi. Gashin baki kuwa babbar ƙofar ruwa ce, don robar tana zama ne daidai ƙarƙashin hanci. Rage 'yan milimitoci daga saman gashin ya wadatar, gemu ba ruwansa. Don kada gilashin ya yi hazo, a shafa masa yawu ta ciki yana bushe, a ɗauraye sau ɗaya, kada a sake cire shi daga fuska. In ruwa ya shiga bututu, a fesa iska da ƙarfi sau ɗaya kamar mai tofi, sannan a ja numfashi na gaba a hankali.

Kuskuren da ke kashe murjani shi ne miƙewa tsaye. Mutum ya ji ruwa a hanci, ya firgita, ya sauke ƙafafu yana neman ƙasa, takalman suka karya reshen da ya yi shekara biyar yana girma, suka kuma tayar da yashi ya zauna a kan sauran. Maganinsa a kwanta rigingine a kan ruwa, a gyara abin da za a gyara, a sake kifewa. Rashin iya iyo ba ya hana shiga, kuma wannan yana cikin abin da ya fi burgewa a aikin jagororin: akwai rigar da ke hana nutsewa, akwai taya mai yawo da jagora ke ja, mutum ya riƙe ta ya sa fuska a ruwa kawai. Sun saba da wannan, don da haka suke shigar da 'yan makarantar Zanzibar, maza da mata, waɗanda da yawansu ba su taɓa sa fuska a teku ba duk da a bakinsa aka haife su. A faɗa musu gaskiya tun a tudu. Wanda ya ɓoye rashin iyawarsa don kunya shi ke ba su aiki.

Ga mata, suturar iyo mai rufe jiki duka ba baƙuwa ba ce a Zanzibar, ta ma fi man kare rana amfani, tunda da yawa daga mayukan suna ɗauke da sinadaran da ke cutar da murjani, har wasu ƙasashe irin su Palau sun haramta su. Sai dai mayafi ko hijabi mai faɗi yana tasowa a ruwa ya rufe bakin bututu. Ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa gefensa cikin wuyan riga, kuma a tabbata robar tabaran tana kan fata ba kan ƙyalle ba. Maza ma riga mai dogon hannu ta fi. Awa ɗaya a kife, rana tana dukan ƙeya da bayan gwiwa, baƙar fata ma tana ƙuna.

In murjani ya karce ka, kada a raina shi don ƙanƙantarsa. Yana barin ɓurɓushi da nama mai rai a cikin ciwon, cikin kwana biyu sai ya kumbura ya yi ruwa. A wanke da ruwa mai daɗi da sabulu, a goge sosai ko da zafi, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙayar bushiyar teku, baƙar nan mai dogayen allurai, tana karyewa a cikin fata. A jiƙa wurin a ruwan zafi iya wanda jiki zai jure, kada a yi ta tono da allura.

Ɗakunan su ne wurin da ra'ayi ke rabuwa. Kowanne bene ne na itace da rufin ganyen kwakwa, makuti, mai tsayi da lanƙwasa kamar an kife kwale-kwale. Ƙasa wurin zama ne da banɗaki, sama gado ne da gidan sauro, bangon gaba kuma ana sauke shi da igiya ya buɗe wa teku. Siffar rufin ba ado ba ce kawai. Ita ke jan iska ta ratsa ɗakin a madadin na'ura, ita ke tara ruwan sama. Kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin yana zubo da shi ta cikin matatar tsakuwa da yashi zuwa tankin da ke ƙarƙashin daɓen ɗakin, mai cin lita 15,000. Daga nan ake buga shi da famfon hannu zuwa tankin sama, ya bi ta na'urar dumama ruwa mai aiki da rana, ya fito a shawa. Ruwan da aka tara a daminar masika, daga Maris zuwa Mayu, da ɗan ƙarin na wajen Nuwamba, shi zai kai ɗakin shekara. Shi ya sa kan shawar na hannu ne mai matsawa, ba a sakin sa yana zuba. Ruwan wankan da ya fita kuma ba ya zuwa ƙasa kai tsaye: yana bi ta matata zuwa wani kwamin shuke-shuke da aka toshe ƙasansa, tsirran su shanye takin da ke ciki. Sabulun da aka ajiye maka na ruɓewa ne. Naka na gida, musamman mai kashe ƙwayoyin cuta, yana lalata wannan tsari, a bar shi a jaka.

Banɗakin na takin gargajiya ne. Babu ja-ruwa. Bayan an gama sai a zuba cokali ɗaya ko biyu na busasshen taki da aka ajiye a gefe, a rufe murfin. Bututun iska yana jan wari ya fitar ta sama, kuma muddin murfin yana rufe ba a jin komai. Wanda ya bar shi a buɗe ya juya hanyar iskar zuwa cikin ɗaki, shi ne kuma zai fara ƙorafi. Abin da ke ruɓar da ƙazantar yana buƙatar iska da ɗan danshi kawai. Ruwa mai yawa yana toshe iskar, ruɓewar ta tsaya, wari ya taso. Ga mai buta wannan magana ce ta gaske, kuma tallan wurin ba ya taɓo ta. Kada a juye buta guda a ramin. A tambayi ma'aikatan tun ranar farko yadda suke yi, ba abin kunya ba ne. Akasarinsu 'yan Zanzibar ne, Musulmi, da wannan tsari suke zaune.

Wuta ta hasken rana ce, ta isa fitilu, ba ta isa dutsen guga ko na'urar busar da gashi ba. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin iskar kaskazi, akwai dare mai zafi da gumi wanda iska ke tsayawa cak, kuma babu abin da rufin zai iya yi. Wanda bai iya barci sai da sanyi ya zo tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin iskar kusi, amma ya sani cewa a farkon wannan lokaci tsallakawar takan yi tangal-tangal. Mai jin jiri ya sha magani awa ɗaya kafin jirgi. A tsakiyar damina, wajen Afrilu da Mayu, ana rufe wurin don gyara.

Abinci na cikin kuɗin, kuma yana cikin abin da ba a jayayya a kai. Girkin Zanzibar ne: shinkafa da madarar kwakwa, pilau mai kanumfari da kirfa, kifi, pweza, wato dorinar ruwa mai hannuwa takwas, ganye, capati, 'ya'yan itatuwa. Kifin daga masuntan waje ake saye, ba daga cikin iyakar ba. Ana sayar da giya ga mai so, kamar sauran masaukan baƙi na tsibirin, sai dai babu kiɗa babu hayaniya. Babban zauren tsohon gidan mai gadin hasumiya ne da aka gyara. Hasumiyar kanta, mai haska wa jirage hanya, an gina ta a 1904 zamanin Turawan Ingila, matakalarta ta haura 130, daga samanta kuma ana ganin iyakar tudun murjanin ƙarara, inda koren ruwa ke komawa shuɗi. Kusa da ita akwai ɗan masallaci mai ginin Indiyawa da aka yi wa masu gadin hasumiyar, har yau ma'aikata suna salla a ciki. Alƙibla a Zanzibar arewa take, ba gabas ba. Wanda ya kalli mafitar rana bisa sabo ya kauce.

Dajin da ya rufe mafi yawan tsibirin yana tsaye ne a kan dutse kusan ba ƙasa, saiwoyi suna bin ramuka suna neman danshi. Akwai kuka, akwai wani kwari a tsakiya da itatuwan ruwan gishiri suka tsiro, ruwansa yana hawa yana sauka tare da teku duk da ba a ganin inda suka haɗu. Wannan kwarin shi ne hujjar da ta fi kowace lacca kan dalilin hana masai na ja-ruwa. An kawar da ɓeraye daga tsibirin a 1997, sannan aka kawo gadar Aders, wata 'yar ƙaramar gada ja da ta kusa ƙarewa a Unguja. Kada a sa ran ganin ta. Tana da ɓuya, ma'aikata ma da kyamarar da ake ɗaurewa a itace suke bibiyar ta.

Abin da ake gani tabbas, amma sai da dare, shi ne ƙaguwar kwakwa. Ita ce mafi girma a duniya cikin irin waɗannan halittu masu ɓawo da ke zaune a tudu: tana kai kilo huɗu, ƙafafunta in ta miƙe su kusan mita ɗaya, tana hawa itace, tana fasa kwakwa, tana iya shekara hamsin, in kuma aka jefa babbarta cikin teku nutsewa take. A tsibiran da mutane ke zaune an cinye ta. Bayan abincin dare jagora ke fita da baƙi da tocila, a same su a bakin ramukansu. Wannan, da shiga ruwa karo na biyu da na uku a lokuta dabam-dabam, su ne bambancin kwana da yini. Mai yini yana komawa wajen la'asar, ya ga tudun sau ɗaya, a yanayin da ya tarar. In ruwan ranar ya gurɓace da iska, shi ke nan. Ga mai hali, kwana biyu shi ne daidai. Na uku sai mai son shiru da littafi, don tsibirin ana zagaye shi cikin ɗan lokaci.

Gadin wurin tsoffin masunta ne daga ƙauyukan da ke kallon tsibirin suka fara shi, kuma ba sa ɗaukar makami. In kwale-kwale ya shigo iyaka, fita suke su yi magana, su rubuta abin da ya faru. Abin da ya sa maganar take shiga shi ne su ne kuma masu ceto: injin da ya mutu, ƙaramin kwale-kwale, ngalawa, da iska ta kifar, su ke fita. Ƙari a kan haka, kifin da ya girma ya hayayyafa a cikin iyaka ba ya sanin iyaka, yana fita, masu ajiye tarkon madema a gefen alamun suna amfana. Aikin bai tsaya ga korar mutane ba. Akwai wata tauraruwar teku mai ƙaya, mai hannuwa har wajen ashirin, da ke kifa cikinta a kan murjani ta narkar da namansa ta bar farin ƙashi. In ta yi yawa takan share tudu guda. Sara ta ba ya maganinta, don haka tsince ta ake yi ɗaya-ɗaya a fitar da ita tudu.

Inda gadi ba ya kaiwa shi ne zafin teku. Ɗumamar ruwa ta 1998 da ta 2016 sun taɓa Chumbe kamar yadda suka taɓa sauran yammacin Tekun Indiya, masu rassa su suka fi jin jiki, kuma baƙo zai ga wuraren da matattun rassa suke zube a ƙasa. Hotunan talla ba sa nuna su. Abin da killacewa ke yi shi ne ba tudun damar farfaɗowa: kifayen da ke kiwon ciyawa suna nan da yawa, suna share dutse, jariran murjani su samu wurin kamawa. Rauni na biyu na tsarin kuɗin ne. Wurin da albashin masu gadinsa ke fitowa daga aljihun baƙi yana girgiza duk ranar da jirage suka daina sauka, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin korona, da sai da aka nemi gudummawa aka riƙe aikin.

Akwai masu rahusa, kuma ba laifi a faɗe su. Tekun da ke kewaye da tsibirin Mnemba a arewa maso gabashin Unguja yana da ruwa garau da kifi masu launi, ana nutso da tulu, kuɗin bai kai na Chumbe ba. Amma da hantsi jirage gommai ne ke taruwa a wuri guda, mutane a kan mutane. A ƙauyen Kizimkazi, cikin yankin Menai da aka killace a 1997, yawon ganin dolfin ya daɗe da zama tsere: jirage suna bin garke da gudu, baƙi suna faɗawa ruwa a kansu. Dukansu sunan "wurin da aka killace" suke ɗauke da shi a takarda. Wanda ke son auna kowane irin wuri da ke kiran kansa mai kare muhalli ya yi tambaya uku: mutum nawa ake bari a rana, ina ruwan banɗaki yake zuwa, wa ke kwana yana gadi. Chumbe na da amsa a kan kowacce, ana kuma nuna maka da ido. Mai neman nutso mai zurfi, ko dogon bakin teku na yawo da shagali, ko iyali masu jarirai da tsofaffin da ba za su iya taka dutse cikin ruwa ba, kuɗinsu zai fi yi musu amfani a wani wurin.

Saura takardu, waɗanda suka fi jirgin ruwan wahala. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Ana nema ta intanet, sai an amince daga hedikwatar shige da fice, kuma yakan ɗauki makonni, don haka kada a biya kuɗin ɗaki na ranar da ba za a iya ɗagawa ba kafin bizar ta fito. Ana tambayar katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44, ko da mutum yana da wata. Ledar cefane haramun ce a Tanzaniya tun Yuni 2019, a cire ta daga kaya. Jiragen da ke bi ta Addis Ababa ko Nairobi suna iya sauka a filin Abeid Amani Karume na Zanzibar bayan jirgin Chumbe ya riga ya tashi, don haka daren farko a yi shi a birni ko a Mbweni, haka ma daren ƙarshe in jirgin komawa na safe ne.